Daga Aljihun Tebur Zuwa Hannun Mai Karatu



An umurce mu da mu yi tsokaci a kan hanyar da sabon marubuci zai bi har littafinsa ya fito. Mu kanmu ɗalibai ne masu neman hanyar, saboda haka abin da za mu faɗa tsintuwa ce daga tarihin magabata da kuma tuntuɓen da muka yi. Mun sani a cikin wannan zaure akwai masu littattafan rubutu cike da labari ko waƙa ko wasan kwaikwayo, suna ajiye a aljihun tebur, ba wanda ya taɓa gani sai gara.

Bari mu fara da tarihi. A shekarar 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labari da Hausa. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A lokacin shekarun Imam 22 ne, wato sa'an yawancinmu. Haka kuma gasar Kamfanin NNPC na Zariya ita ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980, kuma tun 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe wa mata gasar Hikayata. Darasin a fili yake: gasa ƙofa ce da ba ta tambayar ɗan wane. Amma fa kowace gasa tana da sharuɗɗa game da yawan kalmomi da jigo da ranar rufewa, kuma wanda ya saɓa musu an ajiye aikinsa gefe tun kafin alƙalai su karanta shafin farko.

Abu na biyu, kada mu aika da ɗanyen aiki. Idan mun gama rubutu, mu ajiye shi na wasu makonni, sa'an nan mu karanta da ƙarfi kamar na wani ne. Mu ba malamin da ba ya jin kunyarmu ya duba, domin yabon aboki ba ya gyara jimla. Mu kiyaye ƙa'idojin rubutun Hausa: raba kalmomi da haɗe su, da kuma haruffa masu ƙugiya. Editan da ya ga an rubuta kafa a wurin ƙafa, ko baki a wurin baƙi, sau goma a shafi guda, ba zai kai shafi na biyu ba.

Na uku, mu san wanda muke kai wa. Akwai bambanci tsakanin maɗaba'a da kamfanin wallafa, kuma rashin sanin wannan ya cinye kuɗin mutane da yawa. Maɗaba'a aikinta buga abin da aka kai mata, ka biya, ka kwashe kayanka. Shi kuwa mawallafi na ƙwarai shi ke zaɓen littafi, ya tace shi, ya zuba kuɗinsa, ya rarraba, sa'an nan ya biya marubuci kasonsa daga ciniki. Kafin mu rubuta wa wani kamfani, mu duba irin littattafan da ya saba fitarwa. Wanda ya kai labarin soyayya wurin mai buga littattafan firamare ya kai kayansa kasuwar da ba a sayensu.

Ita wasiƙar da za ta raka aikin, kada ta wuce shafi ɗaya. A faɗi sunan littafi, da irinsa, da yawan kalmominsa, da waɗanda aka rubuta dominsu. A haɗa da taƙaitaccen labarin tun daga farko har ƙarshe, ba tare da ɓoye yadda ya ƙare ba, domin edita yana so ya ga ko ginin ya tsaya. A sa babi biyu ko uku na farko, sai in an nemi duka. Kada mu yi kirari, kada kuma mu yi roƙo. Aikin ne zai yi magana.

Na huɗu, mu riƙe kwafe. Chinua Achebe ya aika da rubutun hannu na Things Fall Apart, wanda ba shi da wani kwafensa, zuwa wani kamfanin buga tafireta a Landan, aka yi watsi da shi wata da watanni. Sai da shugabarsa a gidan rediyo, Angela Beattie, ta je da kanta ta matsa musu, kana Heinemann ya wallafa shi a 1958. Da ya ɓata fa? Yau waya da kwamfuta sun sauƙaƙe ajiya, amma sun kawo nasu haɗarin. Labarin da aka watsa dukansa a WhatsApp ya zama ruwan da ya zube, kowa ya kwafa, wani ma ya cire sunan mai shi, kuma gasa da yawa ba su karɓar abin da ya riga ya fita.

Na biyar, kuma shi ne mafi nauyi, yarjejeniya. Mu kanmu mun taɓa tattara gajerun labaranmu muka miƙa wa wani ɗan kasuwar littafi bisa alkawarin baka. Littafin ya fito, an sake buga shi, mu kuwa abin da muka samu kwafe biyar-biyar ne, kuma ba mu da takardar da za mu nuna wa kowa. Saboda haka kada mu sa hannu sai mun ga an rubuta nawa ne kasonmu, yaushe za a biya, shekara nawa yarjejeniyar za ta yi, kuma wa ke da haƙƙin fassara da na mai da labarin fim. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, an wallafa fassararsa ta Turanci a Indiya a 2012. Wanda ya sayar da haƙƙinsa gaba ɗaya don kuɗin cefane ba shi da rabo a irin wannan ranar.

To, in duk ƙofofi sun ƙi buɗuwa fa? Marubutan Kano sun nuna wata hanya tun daga shekarun 1980, lokacin da suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu. A nan ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi fice. Hanya ce mai mutunci, amma mai binta shi ne edita, shi ne dillali. Ya nemi mai tacewa, ya karɓi lambar ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, ya kuma san inda zai sayar kafin ya buga.

A ƙarshe, 'yan'uwa, in an mayar mana da aiki, kada mu yi zuciya. Mu tambayi dalili, mu gyara, mu aika wani wuri. Mu fara kuwa da wannan mujalla tamu, domin shafukanta a buɗe suke, kuma a nan ne za mu koyi jure jan biron edita.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka.