Jawabi a kan ciwon hanta iri na C



Ciwon hanta iri iri ne. Akwai na B, akwai na C. Maganar yau ta C ce. An gano ƙwayar wannan cuta a shekara ta 1989. Cikin jini take. Tana cin hanta sannu sannu. Mutum yana iya yin shekara 20 da ita, yana noma, bai sani ba. Daga baya hanta ta lalace, ido ya yi shawara, ciki ya kumbura.

Hukumar lahiya ta duniya, OMS, ta ce a 2022 mutum wajen miliyan 50 ke ɗauke da ita.

Cutar ta hi yawa a wasu ƙasashe. Misira ta sha wuya ƙwarai. Daga wajen 1950 zuwa 1980 an yi wa mutanen karkara allurar tsargiya. Allura guda, mutum da yawa, ba a dafa ta sosai. Haka cutar ta bazu gari gari. A kudancin Kamaru ma tsohhi da yawa sun kamu ta hanyar allura.

Ƙwayar tana da dangi, kamar yadda hatsi ke da iri. An ba su lamba. Lamba 4 ta hi yawa a Misira. Lamba 2 ta daɗe a Afirka ta Yamma. Lamba 3 tana Pakistan da Indiya. Lamba 1 tana Turai da Amurka. Yawan danginta yana cikin abin da ya hana a samu allurar rigakahi har yanzu. Rigakahin B ba ya tsare mutum daga C.

Ta ina take shiga? Ta jinin mai cutar. Allurar da aka yi wa wani. Askar wanzami wajen aski, kaciya, tsaga ko ƙaho. Reza guda ta gida duka. Ƙarin jinin da ba a auna ba. Ba a ɗaukarta wajen gaisuwa ko cin tuwo ƙwarya guda. Kada a guji mai ita.

Akwai magani. Ƙwayoyi ne na sha, kamar wata 3. Cikin mutum 100, hiye da 95 suna warkewa. Misira ta auna miliyoyin mutane tun daga 2018, ta yi musu magani, cutar ta ragu ƙwarai.

Saboda haka kowa ya tahi wurin wanzami da sabuwar rezarsa. A bar allurar kasuwa. Wanda aka taɓa ƙara wa jini ya je likita a auna shi.

Allah ya ba mu lahiya.