Kalmar "Bloody" a Turanci: Ma'anoninta da Matsayinta a Kwatanci



Yau zan yi magana ne a kan wata sifa ta Turancin Ingila wadda malamai da yawa ke tsallakewa a aji saboda kunya, alhali kunnuwanmu sun saba da ita. Duk wanda ya rayu a zamanin mulkin soja a Nijeriya ya ji soja ya daka wa farar hula tsawa da "bloody civilian". Abin da nake so mu fahimta shi ne, kalmar tana da fuska biyu, kuma nahawu da kansa yana rarrabe su.

Fuskar farko babu aibi a cikinta. Tushen kalmar shi ne "blood", wato jini, don haka tana siffanta abin da ya yi jina-jina, ko lamarin da aka zubar da jini mai yawa a cikinsa. Da wannan ma'ana aka yi wa Sarauniya Mary ta Ɗaya, wadda ta mulki Ingila daga 1553 zuwa 1558, laƙabin "Bloody Mary", saboda an ƙone mabiya ɗariƙar Furotesta kusan 300 a zamaninta. A nan kalmar tana bin ƙa'idar sifofi masu gaɓa biyu da ke ƙarewa da harafin y: a mayar da shi i, a liƙa ɗafa-ƙeya. Inda Bahaushe zai ce "ya fi", sai Bature ya ce "bloodier". Inda za mu ce "mafi", sai ya ce "bloodiest". Shi ya sa masana tarihi ke kiran 1 ga Yuli, 1916, ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa, da "bloodiest day" a tarihin sojan Birtaniya, domin sama da sojojinsu 19,000 ne suka mutu a yini guda.

Fuska ta biyu ita ce ta ashar. A nan babu ruwan kalmar da jini. Aikinta kawai ta ɗauki fushin mai magana ko mamakinsa ta ɗora a kan kalmar da ke biye da ita. Haka mu ma muke yi da "shege" idan muka ce abu yana da shegen tsada, ba tare da muna tuhumar asalin kowa ba. To ku lura da kyau: a wannan ma'ana kalmar ba ta karɓar kwatanci yadda take karɓa a ma'anar farko. Idan ka karanta "bloodier" ko "bloodiest" a jarida, ka ɗauka maganar jini ake yi. Mai zagi kuwa yana barin ta yadda take, ko da yabo ya nufa, kamar a "bloody good".

Nauyin wannan ashar ya sha sauyawa. A ƙarni na 19 jaridun Ingila kan buga harafin farko da na ƙarshe kawai, su ja layi a tsakani. A 1914, lokacin da aka nuna wasan Pygmalion na George Bernard Shaw a Landan, 'yar wasa Mrs Patrick Campbell ta furta ta a kan dandamali, aka yi ta ce-ce-ku-ce a gari. Ko a 2006, sai da aka dakatar da wani tallan yawon buɗe ido na Ostareliya daga talabijin ɗin Birtaniya na ɗan lokaci saboda ita. Yanzu an fi ɗaukar ta a matsayin ƙaramar ashar, amma har yau ba ta da gurbi a takardar neman aiki ko a gaban manya.

Kirana ga malaman Turanci shi ne su daina tsallake irin waɗannan kalmomi. Yaran da muke koyarwa suna tsintar su a fina-finai da intanet ba tare da sanin nauyinsu ba. Mu koya musu ma'anar, mu nuna musu ƙa'idar, sannan mu faɗa musu inda ladabi ya hana furta su.