Mai Ciwon Sukari Ya Yi Tafiya, Amma A Riƙa Duba Masa Ƙafa

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa likita ya gabatar ga matasa a kan ciwon sukari da motsa jiki.

Bayan sallama da salati, likitan ya ce maganar tasa ta shafi matasa ne kai tsaye, domin su ke zaune da iyaye, su ke kai su asibiti.

Ya ce sukari idan ya daɗe da yawa a jini yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji, kuma na ƙafa su ke fara taɓuwa saboda tsawonsu. Abin yakan faro daga yatsu, da zafi kamar an zuba barkono, musamman da dare. Daga baya sai zafin ya ɗauke, dattijo ya ce ai ya samu sauƙi, alhali ƙafar ce ta daina ji. Kusan rabin masu ciwon kan gamu da wannan. Sai mutum ya wuni da tsakuwa a takalmi, ko ya taka ƙusa, bai sani ba sai an ga jini a tabarma. Daga nan gyambo, in an yi sakaci har a kai ga yanke ƙafa.

Ya ci gaba da cewa a da likitoci kan hana mai irin wannan ƙafa yawan tafiya don tsoron gyambo. To amma a 2006 an fitar da wani bincike a Italiya, inda masu ciwon sukari suka riƙa tafiya da sauri awa 4 a mako har shekara 4, aka ga lalacewar jijiya ta fi ƙaranci a cikinsu. A 2008 kuma wani binciken a Amurka ya nuna waɗanda ƙafarsu ta riga ta rage ji, da suka ƙara tafiya a hankali, gyambo bai ƙaru gare su ba. Don haka yau abin da ake so shi ne minti 150 a mako, kamar minti 30 sau 5, kada a yi fashin fiye da kwana 2 a jere. Ya ja kunne cewa tafiya ba ta tayar da jijiyar da ta mutu, tana dai rage sukari ne, ta taimaki gudun jini, ta ƙarfafa ƙafa.

“Amma da sharaɗi,” in ji shi. “Aikin da ƙafa ta daina yi, ido ne zai yi shi, kuma idon Baba ba ya kai wa tafin ƙafarsa. Naku ne zai kai.” Ya ce lokacin alwala ya fi sauƙi tunda an riga an cire takalmi: a duba tafi da dunduniya da tsakanin yatsu, a nemi bororo ko faso ko wurin da ya yi ja, sannan a tsane tsakanin yatsun sosai. Kafin a fita a zazzage takalmin, a sa hannu a laluba cikinsa. Takalmi ya zama rufaffe, mai yalwa, da safa, ban da silifas, ban da tafiya ba takalmi ko a tsakar gida.

A nan ya ɗan tsaya a kan hunturu. Ya ce ƙafar da ba ta ji, garwashin kasko na iya gasa ta mai ita na ta hira, haka ma ruwan zafi, don haka a fara gwada ruwan da gwiwar hannu. A shafa mai a dunduniya saboda faso, amma ban da tsakanin yatsu. Kanta kuwa kada a bari a sa mata aska ko reza.

Da wani ɗan uwa ya tambaya game da masu allurar insulin, sai ya ce su fita da dabino ko sukari a aljihu, in rawar jiki da gumi suka zo su ci nan take. Wanda kuma ke da buɗaɗɗen ciwo a ƙafa, ko ƙafar ta kumbura ta yi ɗumi ko da ba ta ciwo, wannan ya dakatar da tafiya, a kai shi asibiti a ranar.