Mai Juna Biyu da Neman Aiki: Ta Faɗa ko Ta Yi Shiru?

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ta gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar in tsaya a gabanku. An ce in yi magana a kan matan aure da neman aiki, to amma fagen yana da faɗi, lokaci kuma kaɗan ne. Saboda haka na zaɓi tambaya guda wadda ƙannenmu suka fi yi mini a keɓe, da murya ƙasa-ƙasa: "Yaya, an kira ni intabiyu, ga shi kuwa ina da juna biyu. In faɗa musu ko in yi shiru?" Na yi shekaru masu yawa a ofishin kula da ma'aikata kafin in yi ritaya, na kuma zauna a kwamitocin ɗaukar ma'aikata ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Daga wannan kujerar zan ba da amsa.

Amsata ita ce, a takardar neman aiki da wurin intabiyu ba dole ba ne ki faɗa. Lokacin faɗa shi ne bayan takardar ɗaukarki ta shigo hannu. Ƙarya kuwa babu ita, ko kafin ko bayan. Na san akwai iyayenmu a nan da wannan magana ba ta kwanta musu ba, don haka ku ba ni dama in kawo dalilaina.

Mu soma da gida. Mu dai ba a san mu da shelar ciki ba, balle na fari. Yarinya takan kai wata huɗu ko biyar mahaifiyarta ma ba ta ji daga bakinta ba, sai dai ta gane da ido. To abin da kunya ta hana ki gaya wa wadda ta haife ki, yaya za a ce wajibi ne ki zauna gaban maza biyar da ba ki taɓa gani ba ki zayyana musu? Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, a nan kuwa karin maganar ta faɗa daidai ta fuska biyu. Likitoci ma suna da nasu dalilin. Yawancin ɓari a cikin mako 12 na farko yake aukuwa, Allah Ya kiyaye. Mace ta faɗa a wata na biyu, ta rasa aikin, sannan cikin ya zube, ta tashi ba tsuntsu ba tarko.

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan mai neman aiki ta fita an rufe ƙofa. Ba wanda zai rubuta a takarda cewa an ƙi ta saboda ciki. Wani dai zai yi gyaran murya ya ce, "Wannan ta yi ƙoƙari, amma ta biyun nan kamar za ta fi samun lokaci." Shi ke nan, magana ta ƙare. Na ji irin wannan da kunnena, a wani lokacin ma daga bakin mace. Ita kuwa baiwar Allah tana gida tana jiran waya, ba ta da wata shaida da za ta riƙe. Amma idan takarda ta riga ta fito da sunanta da matsayinta da albashinta, sannan ta faɗa, sannan aka janye, kowa ya san abin da ya jawo. Wannan shi ne babban bambancin faɗa kafin takarda da faɗa bayanta.

Yanzu sai doka, domin da yawa daga cikinmu ba mu san abin da ta ba mu da abin da ba ta ba mu ba. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsinsa. Dokar Ƙwadago, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974, ta yi maganar haihuwa a sashe na 54. Ta ba mace damar barin aiki mako 6 kafin haihuwa idan ta kawo takardar likita, ta kuma hana a sa ta aiki a mako 6 na bayan haihuwa. Mai shayarwa tana da rabin sa'a sau biyu a kowace ranar aiki. Ba a kuma ba mace takardar sallama alhali tana cikin wannan hutu. Babu inda dokar ta ce mai neman aiki ta bayyana cikinta.

Amma akwai wurare biyu da nake so ku buɗe kunne. Na farko shi ne kuɗi. Abin da dokar ta tilasta shi ne aƙalla rabin albashi, shi ma sai ga wadda ta yi wata 6 tana aiki a wurin ba yankewa kafin ta tafi hutu. Mu yi lissafi. Ciki mako 40 ne, wata 6 kuma mako 26. Idan za ki tafi hutu mako 6 kafin haihuwa, wato a mako na 34, sai kin kama aiki cikin bai wuce mako 8 ba kafin ki cika sharaɗin. Idan kika daure har ranar haihuwa, iyakarki mako 14. Ke nan wadda ta kama aiki da cikin wata huɗu tana da hutu, amma ba ta da ko kwabo a bisa doka, sai abin da mai aikin ya ga dama. Gara ki san wannan tun kina gida, ku zauna da maigida ku yi shiri.

Na biyu, kalmar "ma'aikaci" a wannan doka ba kowa ta ɗauka ba. Sashe na 91 ya fitar da masu aikin gudanarwa da na shugabanci da ƙwararru. Ke da kika yi digiri aka ɗauke ki akanta ko lauya ko injiniya a kamfani, yawanci abin da ke cikin takardar yarjejeniyarki da littafin ƙa'idojin ma'aikata shi ne madogararki. Don Allah ku riƙa karanta abin da kuke sa wa hannu. Na ga masu digiri biyu suna sa hannu a shafi na ƙarshe ba su buɗe na tsakiya ba.

Aikin gwamnati ya fi sauƙi. A 2018 ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, ya sanar da cewa hutun haihuwa a ma'aikatun Tarayya ya tashi daga mako 12 zuwa 16, a 2021 kuma aka amince wa maza da kwana 14. Jihar Legas ta kai hutun mata wata 6 a 2014 ga haihuwa biyu na farko, Jihar Kaduna ita ma ta ba da wata 6 a 2019. Wata shidan nan ba da ka aka zaɓe shi ba, shi ne tsawon lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla.

Kotu ma ta fara magana. Gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya ƙara wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ƙarfi, har da ikon duba yadda ake yi a sauran duniya. Akwai shari'ar da ta shiga rahoton shari'un ƙwadago na 2012, ta wata ma'aikaciyar ƙungiyar agaji da aka sallama bayan ta sanar da shugabanninta cewa tana da ciki. Kotun ta ce wannan nuna bambanci ne, ta sa aka biya ta diyya. A ƙasashen waje maganar ta daɗe. Amurka ta yi dokarta tun 1978. A 2001 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a kan kamfanin Tele Danmark, wanda ya ɗauki wata mata aikin wata 6, ita kuwa ta san tana da ciki ba ta faɗa ba, da ya gane sai ya kore ta. Kotun ta ce korar ta saɓa doka. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta hana a tilasta wa mai neman aiki gwajin ciki, in ba aikin da ke da haɗari ga uwa ko ɗa ba. Na kawo waɗannan ne don ku san ba ni kaɗai ke wannan ra'ayi ba. Amma ba a Danmak muke ba, shari'a kuma tana cin kuɗi da shekaru. Kada wata ta shiga aiki da niyyar kotu.

To, sai batun amana, wanda na san shi ne ke damun iyayenmu. Za a ce, ashe ba yaudara ba ce? A ganina shiru daban, ƙarya daban. Mai ɗaukar aiki yana da haƙƙin ya san ko kin iya aikin, ko takardunki na gaske ne, da ranar da za ki iya farawa. Namijin da ke da hawan jini, ko wanda ya biya kujerar Hajji, ba ya rubuta haka a takardar neman aiki, ba kuma wanda ya taɓa kiransa maci amana. Amma idan aka dube ki aka tambaya, ko aka rubuta tambayar a fom, kada ki ce babu alhali akwai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wannan ramin kuwa wata tara ne zurfinsa. Bayan zunubi, kin miƙa musu hujjar korarki da hannunki, za su ce ba don ciki ba ne, don bayanin ƙarya ne. Kina iya cewa cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, al'amarin iyalina ba zai hana ni wannan aiki ba, na riga na yi tanadinsa." Idan aka matsa, faɗi gaskiya, ki biyo ta da shirinki. Wadda kuwa cikinta ya riga ya fito, hijabi ma ya kasa rufewa, gara ta riga su magana, ta yi ta a taƙaice ta koma kan abin da ta iya.

Akwai inda ni da kaina nake cewa a faɗa tun farko. Idan aikin yana iya cutar da abin da ke cikin, kamar ɗakin ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, ko wurin da ake ta'ammali da magungunan feshi da sinadarai masu guba, ko ɗaukar kaya masu nauyi, to lafiyar ɗanki ta fi albashi. Aikin ɗamara yana da sharaɗinsa a fili, sanarwar ɗaukar 'yan sanda takan ce kada mace ta kasance da ciki a lokacin ɗauka, saboda horon da za a sha. Masu tafiya bautar ƙasa su ma su faɗa, hukumar ba ta ajiye masu ciki da masu goyo a sansani. Kuma idan aka tura ki gwajin lafiya kafin kama aiki, galibi akwai hoton ƙirji a ciki. Ki gaya wa likita da mai ɗaukar hoton kafin ki tsaya gaban na'ura. Wannan kam ba a yin shiru a kansa.

Sai ƙananan wurare, waɗanda nake jin tausayinsu. Ɗauki makarantar kuɗi mai malamai takwas, ta ɗauke ki a watan Satumba ki koyar da lissafi a ajin ƙarshe, ke kuwa kin san a watan Maris za ki haihu, ana dab da jarrabawar WAEC. Doka ba ta tilasta miki ba, amma yara talatin ne za su zauna babu malami. Wasu daga cikin masu irin waɗannan makarantu suna zaune a wannan zaure. A irin wannan hali ni zan faɗa ranar da aka ce an ɗauke ni, kafin in sa hannu, don a nemi wanda zai riƙe ajin.

Yadda ake faɗar ma yana da muhimmanci. Kada shugabanki ya ji a bakin masinja. Ki nemi ganinsa, ko ki je wurin jami'ar ma'aikata, ki faɗi watan da likita ya ba ki, da ranar da kike son tafiya, da ranar dawowa, da wanda kike ganin zai riƙe aikinki. Sannan ki rubuta, ki sa kwanan wata, ki ajiye kwafi. Idan haihuwar fari ce kuma za ki tafi gida goyon ciki da wankan jego, ki sa kwana arba'in ɗin nan da tafiyar a lissafi tun yanzu, kada ki ce mako shida alhali kin san Hajiya ba za ta sake ki ba sai kin yi wata uku.

Magana ta ƙarshe ga yayyena da ƙawayena waɗanda Allah Ya ɗora a kan kujera, shugabannin makarantu da daraktoci da masu asibitoci da kamfanoni. Yarinyar nan tana ɓoyewa ne saboda ta san abin da zai biyo baya in ta faɗa. Ina roƙon ku cire tambayar ciki daga fom ɗinku, ku rubuta ƙa'idar hutun haihuwa a fili inda mai neman aiki za ta gani ba sai ta tambaya ba. Ina kuma ba kwamitin zartarwa shawara ya haɗa sunayen lauyoyi da likitocin da ke cikinmu, waɗanda za su yarda ƙannenmu su tuntuɓe su kafin su sa hannu a takardar aiki. Na riga na yi magana da biyu daga cikin 'yan ajinmu, sun ce a sa sunansu.

Hajiya Shugaba, na ga mai kula da lokaci tana ɗaga mini hannu. Masu tambayar da ba ta yiwuwa a bainar jama'a, ina nan bayan sallar Azahar.