Jawabin Bikin Yaye Ɗaliban Lantarkin Mota da Ƙaddamar da Na'urarsu ta Raba Ƙarfin Tayoyi Huɗu

 

Akwatin da ke kan teburin nan bai fi tafin hannu ba, amma shi ke faɗa wa mota ƙarfi nawa za ta tura wa tayoyin gaba, nawa za ta tura wa na baya. Ɗaliban da ake yayewa a yau ne suka haɗa shi da hannunsu, daga haɗa waya har rubuta umarnin da yake bi.

Asalin aikin daga Japan yake. Kamfanin Subaru, wanda ya lashe gasar tseren rali ta duniya ta kamfanoni a 1995 da 1996 da 1997, ya sa wa motarsa Impreza WRX STI wani tsari mai suna DCCD. A cikin giyabos ɗinta akwai kuloci mai aiki da maganaɗisun lantarki. Idan babu wuta a jikinsa, tsofaffin samfurin kan ba tayoyin baya kashi 65 na ƙarfin inji, na gaba kashi 35. Da zarar wuta ta ƙaru sai kulocin ya matse, gaba da baya su riƙa juyawa tare. Matsalar tana ɓullowa ne idan bakanike ya ɗauko wannan giyabos ya dasa a wata motar, domin ƙwaƙwalwar da ke ba kulocin umarni ba ta biyo shi. Duk wanda ya san Panteka ta Kaduna ya san dashen inji da giyabos sana'a ce ta kullum, ya kuma san yadda ake shan wahalar neman ƙwaƙwalwar da ta dace.

Wannan giɓi ɗaliban suka cike. Sun yi amfani da allon Arduino Uno, daga zuriyar na'urorin da aka fara ƙerawa a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗalibai. Allon yana karanta yadda direba ya taka totur, yana lura da birkin hannu, yana kuma duba maɓallin murɗawa da ke gaban direba. Daga nan sai ya riƙa kunna wutar kulocin yana kashewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. Gwargwadon daɗewar wutar a kunne, gwargwadon matsewar kulocin. Da an ja birkin hannu, sai ya saki kulocin nan take.

Inda gwanintarsu ta fito shi ne wajen kariya. Allon yana aiki da bolt 5, batirin mota kuwa bolt 12 ne, yakan haura 14 idan inji na tafiya, ga tsallen wuta da ke ƙona na'ura farat ɗaya. Saboda haka suka sa mai daidaita wuta da fiyus, suka tsara cewa in waya ta tsinke, kulocin ya saki maimakon ya kulle. Kulocin da ya kulle a kan kwalta yana cin taya, yana gajiyar da giyabos, yana kuma hana mota shan kwana yadda ya kamata.

Malaman da suka tsaya a kansu sun cancanci jinjina, haka ma iyayen da suka sayi kayan aiki.

Kira ga masu gareji da 'yan kasuwar kayan mota da ke wannan zaure shi ne su ɗauki yaran nan aiki, su ba su motocin gwaji a fili killatacce kafin na'urar ta hau titi. Hukumomi kuma su taimaka da kayan awo da jari. Allah Ya sa albarka a sana'arsu, Ya mai da kowa gida lafiya.