Kama Da Wane Ba Wane Ba Ce: Jawabi A Kan Ciwon Idon Da Ya Ƙi Warkewa



Mu da muka tashi a ƙasar Haɗejiya mun saba da jan ido. Manomin shinkafa a fadamar Auyo, da masunci a Guri ko Kirikasamma, da ma'aikacin da ke zirga-zirga a kan babur, duka suna wuni cikin rana da ƙura. Da ido ya yi ja sai mu ce Apolo ne, ko kuwa hunturu, mu nufi kemis mu sayo maganin ɗigawa. Alhali kuwa Apolo, wadda ta ɓulla a Gana cikin 1969, takan wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Idon da ya yi watanni yana raɗaɗi kamar an zuba masa yashi, lalle wani abu dabam ne ke damunsa.

A Jihar Jigawa abin da aka fi sani shi ne amosanin ido. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ƙudaje da hannu da tsumma suna yaɗa shi, galibi tsakanin yara. In ya yi ta maimaituwa sai fatar ido ta yi tabo daga ciki, gashin ido ya juya yana gogar ƙwaya har ta yi hakiya. Ana maganinsa da azitromaisin, da tsabtar fuska, da aikin tiyata in gashin ya riga ya juya.

To, amma akwai wata cuta mai kama da shi wadda likitoci ke kira rozeshiya. Ita ba a ɗaukarta daga wani, kuma ta fi kama wanda ya haura shekara 30. Asalinta cutar fatar fuska ce, mai kawo zafi da ƙuraje a kumatu da hanci da goshi. In ta shafi ido, sai 'yan ƙofofin maiƙo da ke bakin fatar ido su toshe, hawaye ya riƙa bushewa da wuri, mutum ya kasa jure haske, hazbiya ta yi ta fito masa. Rana da iska da yaji da shayi mai zafi suna tayar da ita. Wahalar gane ta a wurinmu ita ce, babbar alamarta jan fuska ne, shi kuwa ba ya bayyana sosai a baƙar fata. Wani lokaci ma ido ne ke fara ciwo kafin fuska.

Haɗarin shan magani da ka shi ne, wasu magungunan ɗigawa suna ɗauke da sitiroyid. Sukan kwantar da ja nan take, amma in an daɗe a kansu suna iya jawo hawan jinin ido da yana. Ganin da hawan jinin ido ya cinye kuwa ba ya dawowa.

Saboda haka, in ciwo ya wuce mako biyu, a tafi Babban Asibitin Haɗejiya, in ta kama a nemi takardar zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano tun 1943. A tafi da duk kwalaben da aka ɗiga. A faɗa wa likita ƙurajen fuska da man da ake shafawa, ko da bai tambaya ba, a kuma roƙe shi ya juya fatar ido, ya duba bakinta da na'ura. In rozeshiya ce, ba ta warkewa ɗungum, amma gashi da ruwan ɗumi, da wanke bakin ido, da ƙwayar doksisaiklin suna danne ta. Wannan ƙwaya ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro.

'Yan'uwa, mu ne iyayenmu ke miƙa wa kwalba su ce mu karanta musu. Maimakon mu karanta kawai, mu kama hannunsu mu kai su wurin wanda zai duba idon.