Goro Ba Ya Zuwa Abuja: Shaidar Aure da Fanshon Matar Soja

Lacca ce da aka gabatar a Zungur, Bauchi



Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, sojojin Afirka ta Yamma suka fara dawowa gida daga Bama, wato Bama ta Asiya, ba ta Barno ba. 'Yan Runduna ta 81 da ta 82 ne, waɗanda suka gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan da dazukan Arakan. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya kai sunan wannan wuri ko'ina, ya tarye su da waƙarsa ta Maraba da Soja. Amma jiragen ruwan ba su dawo da kowa ba. Akwai matan da suka yi takaba, wata huɗu da kwana goma, ba su ga gawa ba, ba su san inda kabari yake ba. Batun yau na irin waɗannan mata ne, da tambaya guda da hukuma ke yi musu tun wancan zamani har zuwa na Bama ta Barno da Metele: ina shaidar ke matarsa ce?

Tambayar kan ba Bahaushe haushi, kuma yana da gaskiya. A nan ba a ɓoye aure. Ana ɗaura shi a ƙofar gida da hantsi, ko a masallaci bayan an sauko Juma'a. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a faɗi sadaki a ce lakadan ne ko ajalan, liman ya shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar da na nesa, a raba goro da alawa. Mutum ɗari biyu na iya watsewa daga wurin, kowannensu shaida ne. Aure ya ɗauru, ba malamin da zai ja. Sai dai a cikin ɗari biyun nan da wuya a sami wanda ya zo da alƙalami. Bayan shekara goma sha biyar, in ta Allah ta kasance, ma'aikacin da zai duba maganar a Hukumar Fanshon Soja da ke Dutsen Alhaji a Abuja bai ci goron ba, bai san limamin ba. Fayil kawai ke gabansa.

Amurka ta sha wannan wahala tun tana rarrafe. Yaƙin ƙwatar 'yancinta daga Ingila ya ƙare a 1783, amma sai ranar 4 ga Yulin 1836 majalisarta ta yi dokar da ta ba matan ƙananan sojoji fansho. Kafin nan matan hafsoshi ne aka ɗan tuna da su. Dokar ta zo da sharaɗi: sai in an ɗaura auren kafin mijin ya gama aikin sojansa na ƙarshe. Shekara 53 ke nan da tsayawar yaƙi. Yarinyar da aka aurar tana da 18 a 1780 ta kai 74, kuma ana so ta tabbatar da auren, ta tabbatar da lokacinsa, domin wata ɗaya tak na iya raba ta da kuɗin. Faston da ya ɗaura ya mutu, shaidun sun bi shi. Gwamnatin da ke neman takarda ita ma nata ba su cika ba, domin gobara ta cinye ofishin ma'aikatar yaƙi a Nuwamban 1800.

Abin da tsofaffin nan suka aika yana nan a gidan adana tarihi na ƙasar a Washinton, cikin fayiloli wajen 80,000 na masu neman fansho da filaye. Matan garuruwan arewa maso gabas sun huta, domin a can magatakardan gari ya daɗe yana rubuta aure da haihuwa. Na kudu da na bakin daji, inda coci ke nesa kuma fasto mai yawo ne, su suka ji jiki. Wata sai ta yage shafin Littafi Mai Tsarki na gidansu, inda aka saba rubuta ranar aure da haihuwar 'ya'ya, ta aika. Da yawan shafukan nan suna cikin fayil har yau, ba a mayar wa masu su ba. Jamusawan Fensilbaniya sun aika da takardun haihuwa masu zanen tsuntsaye da furanni. Har ƙyallen da yarinya ta koyi ɗinki a kai, ta jera sunayen 'yan gidansu da zare, an haɗa shi a matsayin hujja. Wadda ba ta da ko ɗaya sai ta nemo tsohon maƙwabci ya rantse gaban alƙali cewa ya halarci bikin, ko kuwa tun tasowarsa ya san su miji da mata, bai taɓa jin wanda ya musa ba.

A 1837 wata tsohuwa mai suna Sarah Osborn, wadda ta ce shekarunta 81, ta shiga kotu a Fensilbaniya ta ba da labarin aurenta. A Albani ta auri Aaron Osborn a farkon 1780, ta bi shi sansani tana dafa wa sojoji abinci tana wanki. A kewayen da aka yi wa Ingilishi a Yoktawun a 1781, ita ke kai nama da burodi da kofi cikin ramuka ana ɓarin wuta. Bayan yaƙi ya gudu ya bar ta da 'ya'ya, ya auri wata. Ta faɗi sunayen hafsoshi, da garuruwan da aka yada zango, da abin da ta gani ranar da Ingilishi suka miƙa wuya, dalla-dalla yadda maƙaryaci ba zai iya tsarawa ba. Ta sami fansho. Yau masana tarihi suna karanta bayaninta don sanin yaƙin kansa, alhali ita abinci take nema.

Majalisar ta riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan. A 1838 aka karɓi auren da aka ɗaura kafin 1794, a 1848 aka matsa zuwa 1800, a 1853 aka cire sharaɗin lokaci. Duk sassaucin da ya zo, da yawan waɗanda aka yi dominsu sun riga sun kwanta dama.

Wadda ta fi kama da tamu ita ce ta yaƙin basasar Amurka. Baƙaƙen fata wajen 180,000 suka shiga rundunar Arewa, ciki har da wani ɗan Kukawa, Muhammadu Ali ɗan Sa'id, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said. Yawancinsu daga bauta suka fito, kuma dokar jihohin kudu ba ta san auren bawa ba: ba rajista, ba takarda, ubangida na iya sayar da miji gabas, mata yamma. Bayan kisan gillar da aka yi wa baƙaƙen sojoji a ganuwar Pilo a jihar Tenesi ranar 12 ga Afrilun 1864, maganar matansu ta kai gaban Shugaba Linkon. Ranar 4 ga Yulin shekarar majalisa ta yarda cewa, ga waɗannan mata, ya isa amintattun shaidu su rantse cewa ma'auratan sun zauna tare aƙalla shekara biyu suna ɗaukar juna miji da mata. Dala takwas ce a wata ga matar kurtu. Duk da haka masu bincike sun riƙa bin ƙauyuka suna yi wa matan tambayoyin da ba a yi wa fararen mata, musamman in an sami mata biyu suna da'awar soja ɗaya, abin da sayar da bayi ya sa ya yawaita.

Abin da majalisar Amurka ta isa gare shi bayan an zubar da jini, alƙalan ƙasar nan suna da shi a littafi tun tuni. Mazhabar Malikiyya ta karɓi shaidar ji a kan aure: amintattu su ce sun daɗe suna ji daga bakin jama'a, masu adalci da waɗansunsu, cewa wance matar wane ce. Ibn Asim, alƙalin Garnada da ya rasu a 1426, ya lissafa aure cikin abubuwan da irin wannan shaida ke tabbatarwa a Tuhfa, littafin da ba alƙalin Arewa da bai san shi ba. Don haka matar sojan da ba ta da takarda ba ta rasa hanya ba. Tana iya zuwa kotun shari'a da waliyyinta, ko wakilin ango, ko mutanen unguwa, alƙali ya saurara ya rubuta hukunci ya buga hatimi. Hukuncin da aka saurari shaidu a kansa ya fi nauyi nesa ba kusa ba da takardar rantsuwar nan da ake bugawa a bakin kotu cikin minti goma, wadda bakin mutum ɗaya ce kawai aka sa wa tambari.

Ba kuma don doka ta yi shiru ba ne. Tsarin mulkin 1999 ya sa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma tun 1992 akwai dokar tarayya ta tilasta rajista. Mutum nawa a wannan zaure suka taɓa ganin littafin rajistar aure na ƙaramar hukumarsu? Ba sai an ɗaga hannu ba.

Akwai wani tarko da masu neman takarda ido rufe ke faɗawa. Wani kan ji ana cewa takardar rajista ta fi ƙarfi, sai ya ja matarsa su tafi a ɗaura musu auren Dokar Aure, wadda Turawa suka kafa. Wannan aure na mace ɗaya ne. Wanda ya yi shi ya ƙara aure, to a idon waccan doka ta biyun ba mata ba ce, kuma ranar rabon haƙƙi lauya zai tuna masa da haka, ko ya tuna wa marayunsa. Musulmi takardar shaidar auren Musulunci yake bukata, daga kotun shari'a ko masallacin da ke bayarwa.

Tarko na biyu ya fi cin mutane, kuma a bariki yake. Ranar da saurayi ya shiga soja, akan ba shi fom ya rubuta makusancinsa, wanda za a nema in wani abu ya faru. Yana da shekara 20, bai yi aure ba, sai ya rubuta mahaifinsa ko wansa. A ɗauka ya kai saje a barikin Shadawanka, yana da mata biyu da 'ya'ya shida, fom ɗin nan bai sake waiwayarsa ba. In ya faɗi a fagen fama, ana neman takardar shaidar mutuwa, da wasiƙar ta'aziyya ta rundunarsa, da rantsuwar kotu, da katin shaida, amma sunan da ke fayil shi ake fara kira. Sai wan ya ɗauka kuɗin nasa ne. Makusanci a fom ba shi ne magaji ba. Abin da ya zama gadon Musulmi shari'a ce ke raba shi: mata suna da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, su raba tsakaninsu ko su huɗu ne, iyaye da 'ya'ya kowa da rabonsa, wan kuwa, in akwai ɗa namiji ko uba, ba shi da komai. Uwargida kan tsira domin bariki ya san ta. Amaryar da aka ɗaura a ƙauye lokacin hutu, ta zauna wurin surukai, ita ce ba ta cikin kowane littafi. Saki ma haka yake: da baki ake yi, da baki ake kome. Wadda aka saka saki ɗaya, mijin ya rasu tana cikin idda, tana da gado. Amma in dangin miji suka ce idda ta cika, kwanan wata ne zai raba gardama, shi kuwa ba wanda ya rubuta.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun ga wani salon. Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka da dokar 1959, ba ta daidaita shi sosai da na Faransawa ba sai daga Janairun 2011. Kafin gyaran ya iso, yawancin mazan sun mutu, ya rage wa matansu su nemo takardar auren da aka ɗaura a zamanin da ofishin rajista bai kai ƙauyensu ba.

Shekara nawa takardar aure za ta iya jira kafin a neme ta? Esther Sumner ta auri Noah Damon a jihar Bamont a 1835, tana da 21, shi yana da 75. Ita ce ta ƙarshe cikin matan sojojin yaƙin 'yancin Amurka da ke karɓar fansho, kuma sai a Nuwamban 1906 ta rasu, shekara 123 bayan yaƙin. Ba shaidan da ke kai wannan. Auren da za a ɗaura wa wani kofur a Bauchi ranar Asabar mai zuwa, ana iya tambayar hujjarsa a 2080.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin masallacin unguwa ba. Littafi ne mai kauri a hannun liman ko na'ibinsa, a rubuta sunan ango da amarya da iyayensu, da waliyyi, da shaidu biyu da lambar wayarsu, da sadaki, da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya. In angon soja ne a ƙara lambarsa ta aiki da rundunarsa. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne, muddin an sa hannu. A kai kotun shari'a a buga hatimi, a yi kwafi uku. Ɗaya ya zauna a masallaci. Ɗaya ango ya kai ofishin rundunarsa a makon da ya koma aiki, ya gyara fom ɗin makusanci a zama guda. Na ukun a ba amarya a hannunta, ba a hannun dangin miji ba, ta sa a ƙasan akwatin lefe.